Siffofin Wuyan Jitar Lantarki da Yadda Suke Zama a Hannu

Wuyan jita shi ne dogon katakon da ya fito daga jikinta, wanda tsirkiyoyi shida suke miƙe a kansa. A fuskarsa an gitta siraran ƙarafa da ake kira firet, galibi 21 zuwa 24, kuma a tsakaninsu ne yatsu ke danna tsirkiya don fitar da sauti. A bayansa kuwa tafin hannu da babban yatsa suke zama tun daga farkon kiɗa har ƙarshensa. Yadda aka sassaƙa wannan bayan shi ake nufi da siffar wuya. Da za a yanka wuyan a gicciye a dubi bakin yankan, za a ga ya yi kama da ɗaya daga cikin haruffan boko, shi ya sa masu ƙera jita suke kiran siffofin da C, D, U da V.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba wuya siffarsa. Akwai kauri, wato daga fuska zuwa tsakiyar baya, wanda ake aunawa a firet na farko da na goma sha biyu, domin wuya yana ƙara kauri yayin da yake kusantar jikin jita. Akwai faɗi, daga gefe zuwa gefe. Sai kuma kafaɗu, wato yawan katakon da aka bari a gefuna biyu, inda baya yake lanƙwasowa ya haɗu da fuska. Masu sayen jita sun fi tambayar kauri saboda shi ake rubutawa a takarda, amma kafaɗu ne hannu ya fi ji. Wuya biyu suna iya zama da kauri ɗaya daidai, milimita 21 kowanne, ɗaya ya cika tafin hannu tam, ɗaya kuma a ji shi siriri, don kawai an rage masa kafaɗu.

Siffar C ita ce ta fi yawa a kasuwa a yau. Bayanta ya lanƙwasa a hankali daga gefe zuwa gefe, babu tudu a tsakiya, babu kafaɗu masu tsayi. Kamfanin Fender na Amurka yana sa wa yawancin jitocinsa na zamani irin wannan wuya, mai kaurin kusan milimita 21 a firet na farko. Amfaninsa shi ne ba ya tilasta wa hannu riƙo iri ɗaya, ana iya ajiye babban yatsa a baya, ana iya ɗora shi a sama, duk wuyan zai karɓa. Ga wanda yake koyon kiɗa kuma bai riga ya san irin riƙon da zai zauna a kai ba, da wuya a sami abin da ya fi shi dacewa.

Siffar U ita ce mai kauri da manyan kafaɗu, kuma ita ce ta fara zuwa a jitocin Fender. Jitocin da Leo Fender ya fara ƙerawa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, irin su Broadcaster ta 1950 wadda ta koma Telecaster a 1951, da irin wannan wuya suka fito, har makaɗan Amurka suna yi masa laƙabi da sandar besbol. Kaurin yana da dalili. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuya da ƙarfin da ya kai kilo 40 zuwa 50 dare da rana, kuma katako siriri ba zai jure ba sai an sa masa sandar ƙarfe a ciki wadda ake ɗaurewa ko a sassauta. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson mai suna Thaddeus McHugh ne ya sami rajistar wannan dabara a 1923. Fender ya fara fitar da wasu jitocinsa na 1950 ba tare da sandar ba, wuyansu ya riƙa karkacewa, dole ya koma yana sa ta. Wannan sanda ce ta buɗe hanyar rage kaurin wuya a shekarun da suka biyo baya.

Siffar V tana da ɗan tudu da ya bi tsakiyar baya, an kuma zaftare kafaɗun biyu. An fi saninta a jitocin Fender Stratocaster na 1956 da 1957. A wancan lokaci da hannu ake gyara wuya a masana'anta, don haka ba a cika samun biyu da suka zo daidai ba, wani tudunsa ya fito sosai, wani kuma an goge shi ya yi laushi. Mai laushin shi ne makaɗi Eric Clapton ya zaɓa lokacin da Fender ya fitar da jita mai ɗauke da sunansa a 1988. A takarda wuyan V yana da kauri, amma a hannu ba a jin haka, saboda tudun yana shiga lungun da ke tsakanin babban yatsa da manuni, kuma rashin kafaɗu yana ba babban yatsa damar zagayowa sama ba tare da wahala ba. Wanda ya saba dasa babban yatsansa a tsakiyar baya kuwa zai iske tudun nan daidai inda yake so ya ajiye yatsan, kuma cikin ɗan lokaci zai fara jin ciwo.

Kamfanin Gibson, wanda a shekarun 1950 yake garin Kalamazoo a jihar Michigan, ba ya amfani da haruffa sosai, makaɗa suna kiran wuyansa da shekaru. Jitar Les Paul ta fito a 1952, kuma har zuwa 1959 wuyanta mai kauri ne, zagayayye, yana kai milimita 22 zuwa 23 a firet na farko. A cikin 1960 aka rage shi zuwa kusan milimita 20, bayansa ya ɗan baje. Har yau kamfanin yana sayar da Les Paul iri biyu, mai wuyan shekarun 1950 da mai wuyan shekarun 1960, kuma masu kiɗa sun rabu biyu a kan wanda ya fi. Bambancin bai wuce milimita biyu ko uku ba, amma hannu yana gane shi tun kafin a danna tsirkiya.

Siffar D ita ce mai shimfiɗaɗɗen baya da kafaɗu da suka fito fili, kuma yawanci siririya ce. Ta yi tashe a shekarun 1980, lokacin da kiɗan rok mai gudun yatsu ya mamaye kasuwa. Kamfanin Ibanez na Japan ya fitar da wuyan da ya kira Wizard a 1987, mai kaurin milimita 17 kacal a firet na farko. An yi shi ne don wanda yake ajiye babban yatsa a baya, ya bar sarari tsakanin tafin hannu da katako, yatsu huɗu kuma su sauko a tsaye kan tsirkiya. Da irin wannan riƙo ana buɗe yatsu su kai nesa, ƙaramin yatsa ma ya shiga aiki sosai.

A nan ne ainihin maganar take, domin riƙon jita iri biyu ne. Na farko shi ne wanda aka ambata yanzu, wanda aka gado daga makarantun kiɗan gargajiya na Turai. Na biyu shi ne na makaɗan bulus da rok, inda ake runguma wuyan da tafin hannu, babban yatsa ya leƙo ta sama. Jimi Hendrix ya shahara da wannan riƙo, har yana danna tsirkiya mafi kauri da babban yatsansa, sauran yatsun su sami sakewa. Riƙon yana kuma ba hannu madogara idan za a tura tsirkiya gefe don sautinta ya ɗaga. Mai riƙo na farko zai ji daɗin D ko siririyar C. Mai riƙo na biyu zai fi son V, ko C mai ɗan nama, ko U idan hannunsa babba ne. Saboda haka tambayar da ta kamata mai saye ya fara yi ita ce ina babban yatsansa yake kwana, kafin ya tambayi harafin wuyan.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa siririn wuya shi ne mafi sauƙi, musamman ga mai ƙaramin hannu. Wannan bai cika zama gaskiya ba, kuma ya sa mutane da yawa sun sayi jitar da ta gajiyar da su. Duk manomin da ya yi aiki da fartanya mai siririyar ƙota ya san hannu yana saurin ƙagewa, domin dole ya matse fiye da kima kafin ya riƙe ta. Haka abin yake idan aka kwantar da manuni a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya don haɗa sauti. A siririn wuya babban yatsa da manuni suna kusan haɗuwa, tsokar gindin babban yatsa ita kaɗai take ɗaukar nauyin. A wuya mai ɗan kauri hannu yana buɗe daidai, katakon yana tallafe shi. Abin da ya fi damun mai ƙaramin hannu shi ne faɗi da manyan kafaɗu, waɗanda suke hana yatsu zagayowa su kai tsirkiyoyin sama.

Ana auna faɗi a saman wuya, wurin ɗan ƙashin da tsirkiyoyi suke ratsawa kafin su kai maɗauransu. A jitar lantarki yana tsakanin milimita 41 da 43, tsofaffin Fender sun fi matsewa, Gibson ya fi buɗewa. Mai kaurin yatsu yana buƙatar faɗin, in ba haka ba yatsa ɗaya zai riƙa taɓa tsirkiyar da ke kusa yana kashe mata sauti. Akwai wani ruɗani da ya kamata mai neman tsohuwar jita ya sani: daga farkon shekarun 1960 Fender ya riƙa buga harafin A, B, C ko D a gindin wuya, amma waɗannan haruffa faɗi suke nunawa, ba siffar baya ba.

Ita ma fuskar wuya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana da ɗan doro, kuma ana bayyana shi da inci. Ƙaramar lamba tana nufin doro mai yawa. Tsofaffin Fender suna da inci 7.25, na zamani 9.5, Gibson 12, jitocin gudun yatsu kuwa suna kai 16 ko fiye. Doro yana bin lanƙwasar yatsa, don haka haɗa sauti ya fi daɗi a kansa. Matsalarsa ita ce idan tsirkiya tana kusa da fuska aka tura ta gefe a firet ɗin da ke kusa da jikin jita, sai ta hau doron ta taɓa ƙarfen da ke gaba, sautin ya shaƙe. Wasu kamfanoni, irin su Jackson, suna yin fuska mai doro a sama wadda take bajewa a hankali zuwa ƙasa, daga inci 12 zuwa 16, don a sami amfanin duka biyun.

Tsawon tsirkiya mai kaɗawa shi ma yana da tasiri. A Stratocaster da Telecaster milimita 648 ne, a Les Paul kusan 628, a jitocin kamfanin PRS 635, a Fender Jaguar da Mustang kuma 610. Gajeren tsawo yana matso da ƙarafan firet kusa da juna, yana kuma sa tsirkiya ta fi laushi a ƙarƙashin yatsa. Ga yaro ko mai gajerun yatsu, wannan ya fi rage kaurin wuya amfani nesa ba kusa ba.

Wasu maƙera sun lura cewa hannu ba ɗaya yake ta ɓangarorin biyu ba, sai suka yi wuyan da ya fi nama a gefen babban yatsa, ya fi sirantaka a gefen da yatsu ke zagayowa. Jitar da kamfanin Music Man ya yi wa makaɗi Eddie Van Halen a farkon shekarun 1990 tana da irin wannan wuya. Maƙerin Suwidin Ola Strandberg ya wuce nan, ya yi baya mai shimfiɗaɗɗun fuskoki uku maimakon zagaye, da nufin tsintsiyar hannu ta zauna a miƙe. Irin waɗannan wuya suna da sharaɗi ga bahago. Hendrix bahago ne, yakan juya jitar 'yan dama ya sake jera tsirkiyoyinta, kuma hakan ya yiwu ne saboda bayan wuyan ɗaya yake ta kowane gefe. Idan aka juya mai karkataccen baya, naman sai ya koma inda ba a buƙatarsa. Bahago kamar Mdou Moctar na Nijar, wanda aka san shi da Stratocaster ta hagu, idan yana son wannan siffa sai an ƙera masa ta hagu tun daga farko.

Fentin da aka shafa a bayan wuya yana canza yadda hannu ke tafiya. Mai sheƙi yana da kyan gani, amma da zarar gumi ya fito sai ya riƙa kama fata, abin da mai kiɗan biki na sa'o'i a zafin bazara zai ji fiye da wanda yake ɗaki mai sanyi. Fenti maras sheƙi ko katakon da aka shafa wa mai kawai ya fi sulɓi. A lokacin hunturu kuma katako yana bushewa ya ɗan tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakunan firet su fito ta gefe suna kartar hannu. Mai gyara yana goge su da ƙaramin zarto, kuma ajiye jita a cikin akwatinta yana rage matsalar.

Sau da yawa wuyan da ake zargi ba shi da laifi, saitin ne ya lalace. Idan tsirkiyoyi sun yi nisa da fuska, ko sandar ciki ta saki har wuyan ya yi baka, ko an sa tsirkiyoyi masu kauri, kowace siffa za ta gajiyar da hannu. Don haka kwatanta jita biyu ba ya yin ma'ana sai an daidaita su tukuna. Gwajin kuma ya kamata a yi shi a zaune da kuma a tsaye da maɗauri a kafaɗa, domin idan jita ta sauko ƙasa tsintsiyar hannu tana lanƙwashewa, babban yatsa ya hau sama da kansa. Minti biyu a shago ba sa nuna komai, gajiyar tsoka tana bayyana ne bayan an ɗauki lokaci ana riƙe haɗin sauti masu wuya. Idan daga baya aka ga wuyan bai dace ba, jitocin tsarin Fender galibi da sukurori huɗu aka ɗaure wuyansu, ana kwance shi a sa wani. Na Les Paul da manne aka haɗa shi da jiki, canza shi babban aiki ne mai tsada, galibi sayar da jitar a nemi wata ya fi sauƙi.