Zumuntar Masu Bi a Ƙarshen Mako

Kalmar Helenanci da muke fassarawa "zumunta" ita ce koinoniya, wato tarayya cikin abin da ake da shi. A Ayyukan Manzanni 2:42-47, zumunta ba ta tsaya a wurin sujada ba. Ta shiga gidaje, ta kai har kwanon abinci.

A ƙarshen mako ne mai hidima ya fi ganin wannan. Ranar Asabar akwai ɗaurin aure, jana'iza da gaishe da marasa lafiya. Ranar Lahadi iyali duka na zuwa sujada. Zumuntar Mata ta kai wa mai jego tuwo, matasa su yi wa dattijo gayya a gona, wani ya ɗauko maƙwabcinsa a babur.

Amma alheri yakan bi sanayya. Gidan da aka sani ya cika da masu gaisuwa, gwauruwar da ke zama a bencin baya kuwa ta koma gida ba wanda ya tambayi lafiyarta. Haka ya faru a Urushalima: aka manta da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum, sai manzanni suka sa aka zaɓi mutum 7 su riƙe aikin (6:1-6).

Saboda haka alheri yana bukatar tsari. Fasto, ka raba unguwanni tsakanin dattawan ikkilisiya. Duk iyalin da ba a gani ba ranar Lahadi, a taka zuwa gidansu kafin Laraba, domin zumunta a ƙafa take.