Aikin Farko: Abin da Ɗalibi Ke Koya Idan Ya Haɗa wa Ɗan Kasuwa Shafin Intanet

Ɗaliban da ke koyon haɗa shafukan intanet a jami'o'i da kwalejojin fasaha sukan samu aikinsu na farko ne a kusa da gida: shagon kawu, gidan abincin maƙwabciya, ko telan unguwa. Aikin kan zo da ɗan abin sakawa a aljihu, ya kuma zo da darasin da ba a cika koyarwa a aji ba. Shafin da aka yi don neman maki na ɗalibi ne. Wanda aka yi wa ɗan kasuwa kuwa, na ɗan kasuwar ne da masu sayen kayansa.

Tambaya kafin kunna kwamfuta

A ɗauki misalin ɗalibin da wani mai sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari da ke Kano ya ba shi aiki. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne nuna gwaninta: hotuna masu motsi, launuka barkatai, da wurin biyan kuɗi da kati. Amma idan ya zauna a shagon na yini guda, zai ga cinikin Alhaji duk a WhatsApp yake tafiya. Mai saye na son ganin kaya, ya yi tayi, a daidaita, sannan ya tura kuɗi ta banki.

Don haka abin da shagon ke buƙata bai da yawa: hotunan kaya masu kyau, lambar shago da layin da yake, lokacin buɗewa, da maɓallin da zai kai mutum hira kai tsaye. Wannan maɓallin kyauta ne. Ana rubuta wa.me/ sai 234, sai lambar wayar ba tare da sifilin farko ba. Haɗa shafi da Paystack ko Flutterwave yana da amfani ne idan farashi tsayayye ne, ba a yin tayi.

A waya za a duba shi

Ɗalibi yana aiki a babbar fuskar kwamfuta, amma akasarin masu saye a ƙaramar wayar Android za su buɗe shafin, da datar da suke lissafi da ita. Hoto ɗaya da aka ɗauka da waya kan kai megabait 3 zuwa 5. Idan aka jera guda 30 a shafi ɗaya ba tare da an rage nauyinsu ba, mai saye zai iya ƙona fiye da megabait 100 kafin ya ga kayan, in ma ya yi haƙurin jira. Maganin shi ne a rage girman hotunan, a mayar da su tsarin WebP wanda Google ya fitar a 2010. Daga nan sai a gwada shafin a PageSpeed Insights, wanda shi ma kyauta ne, a kuma buɗe shi a tsohuwar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi.

Akwai kuma batun tsaro. Tun 2018 manhajar Chrome ke nuna wa mai shiga cewa shafin da ba shi da HTTPS ba amintacce ba ne. Let's Encrypt na bayar da wannan shaida kyauta, kuma yawancin kamfanonin da ke ba shafi masauki suna sabunta ta da kansu.

Da sunan wa aka yi rajista?

Nan ne rigima ta fi ɓarkewa. Adireshin shafi haya ne, ana sabunta shi duk shekara. Adireshin da ke ƙarewa da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin kulawar hukumar NiRA, ana kuma sayen shi ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Don sauri, ɗalibai da yawa kan yi rajista da imel ɗinsu. Bayan shekara guda ɗalibi ya tafi bautar ƙasa, saƙon tunatarwa ya shige akwatinsa bai gani ba, shafi ya mutu. Alhaji kuwa ya riga ya buga adireshin a ledojinsa da allon shago, kuma idan wa'adi ya wuce, wani na iya saye shi.

Abin da ya dace shi ne a yi rajista da suna da imel na mai kasuwar, a miƙa masa kalmomin sirri a rubuce, a kuma sanar da shi ranar sabuntawa tun farko. Idan da WordPress aka gina shafin, sai a koya wa yaron shago yadda zai sa sabon hoto ya kuma canza farashi daga wayarsa.

A rubuta yarjejeniya

Kunya kan hana ɗalibi yi wa babba maganar kuɗi, musamman idan ɗan'uwa ne. Sai aiki ya yi ta ƙaruwa: yau a canza launi, gobe a ƙara shafi, ga jarrabawa ta matso. Takarda guda, ko ma saƙon WhatsApp, ta isa, muddin ta fayyace yawan shafuka, sau nawa za a yi gyara, kuɗin aiki da abin da za a bayar kafin alƙalami, da wanda zai riƙa biyan kuɗin shekara.

Ɗalibin da ya kiyaye waɗannan ba ya buƙatar talla. A kasuwa, maƙwabcin da ya ga shafin Alhaji yana kawo ciniki shi zai nemi lambar wanda ya haɗa shi.