HAƊIYA DA HAƊARIN SODAR SABULU A GIDAJENMU



Yau bayaninmu a kan haɗiya ne, ni'imar da ba mu cika tunawa da ita ba sai ta samu matsala.

Idan ka tauna loma, yawu ya jiƙa ta, harshe ne ke tura ta baya. Nan take wani ɗan murfi a maƙogwaro zai rufe hanyar numfashi, numfashin ya ɗan tsaya, lomar ta faɗa hanyar abinci. Tsawon wannan hanya a jikin babba kusan santimita 25 ne, kuma naman jikinta ne ke matsa lomar har tumbi. In mutum yana magana ko dariya da abinci a baki, murfin kan makara, sai ya ƙware. Shi ya sa ci a natse da shan ruwa da kaɗan-kaɗan, kamar yadda sunna ta koyar, kariya ne.

To, ga inda nake so ku kula. Kamfanonin Sharaɗa, Challawa da Bompai suna aiki da sinadarai masu ƙarfi, kuma jarkokinsu kan dawo unguwa. Mata masu haɗa sabulu su ma suna jiƙa soda a gida. Ruwan soda kamar ruwan sha yake. In aka zuba shi a gorar lemo, yaro mai ƙishi ba zai bambance ba. Kurɓa ɗaya na iya ƙona hanyar abinci. Bayan 'yan makonni tabon ya tsuke ta: tuwo ya ƙi wucewa, daga baya kunu, har ruwa, yaro ya yi ta rama.

In hakan ta faru, Allah Ya kiyaye:

1. Kada a sa shi amai, sodar za ta sake ƙona shi.
2. Kada a ɗura masa manja, madara, zuma ko lemon tsami.
3. A ɗauki gorar, a garzaya Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko da ba a ga ƙuna a bakinsa ba.

Shekaruna da yawa ina ba da magani, amma ina gaya muku gaskiya: babu jiƙon da ke buɗe hanyar da ta tsuke. Aikin likita ne. Haka babban da abinci ke tsaya masa a ƙirji, ko mai shanyewar ɓarin jiki da ke tari in ya sha ruwa, a kai su asibiti, kar a jira.

Maigida, yau ka duba ɗakin girki da ƙarƙashin gado. A kulle soda inda hannun yaro ba ya kai.

A tura wa 'yan uwa. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.