Gida a Kan Taya: Yadda Ake Kwana Cikin Namun Daji a Gandun Kruger

A watan Disamba, ƙarfe huɗu da rabi na asuba ake buɗe ƙofar sansanin Satara da ke tsakiyar gandun dajin Kruger a Afirka ta Kudu. Tun kafin lokacin motoci sun riga sun ja layi, kowa na son ya riga wani fita, domin da sanyin safiya ne ake samun zaki kwance a kan kwalta. A cikin layin ba a rasa wasu fararen motoci masu tsayi, gefensu da tagogi da labule. Masu su ba daga ɗakin otal suka fito ba. A cikin motar suka kwana, a cikinta suka dafa shayi, kuma da ita za su shiga daji.

Irin wannan mota ƙaramin gida ce a kan taya. Bayan kujerar direba akwai gado, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa, manyan ma har da bayan gida da wurin wanka. Wasu nasu ne, amma baƙin da suka zo daga ƙasashen waje galibi haya suke ɗauka a Johannesburg, su yi tafiyar kimanin awa biyar zuwa ƙofofin kudancin gandun. Akwai kuma masu jan ɗakin kwana a bayan motarsu, su kwance shi a sansani su fita da motar kawai.

Kruger ba ƙaramin wuri ba ne. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 20,000, wato ya ninka Yankari fiye da sau takwas, kuma daga kudu zuwa arewa tafiyar kusan kilomita 360 ce, yana iyaka da Mozambik da Zimbabuwe. A 1898 aka fara keɓe wani ɓangarensa, a zamanin Paul Kruger, shugaban Turawan Bowa na yankin Transvaal, aka mai da shi gandun ƙasa a 1926. A 1927 motoci uku kacal suka shiga yawon buɗe ido. Bayan shekara biyu sun kai 850. Yau baƙin da ke shiga a shekara sun haura miliyan ɗaya.

Abin da ya bambanta shi da gandun daji da yawa a Afirka shi ne mutum na iya tuƙa kansa, ba sai ya ɗauki ɗan rakiya ba. Sai dai doka tana da tsauri. Ba a wuce gudun kilomita 50 a awa a kan kwalta, 40 a hanyar burji. Ba a fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe, ba a leƙo da jiki ta taga, ba a ba dabba abinci. Sannan ga agogo: da lokacin rufe ƙofa ya yi, ƙarfe biyar da rabi na yamma a lokacin sanyi ko shida da rabi a lokacin zafi, dole kowa ya kasance cikin sansani, wanda ya makara kuwa tara ce ke jiransa. Cewa garken giwaye ne ya tare hanya ba lallai ya fitar da mutum ba, don haka masu hankali tun da sauran rana suke juyowa.

Baƙon da ya zo karon farko yakan ɗauka yawan yawo shi ne yawan gani. Yana ta zagaye yana ƙona mai, burinsa ya haɗa manyan nan biyar da kowa ke faɗa, zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda, ya koma gida ya ce ya gama. Tsofaffin hannu ba haka suke yi ba. Sukan sami wani tafki, kamar Sunset Dam da ke daf da sansanin Lower Sabie, su kashe inji su zauna. Dorina na huci a ruwa, kada na shan hantsi a gaɓa baki buɗe, barewa na matsowa a ɗarare, ta sha kurɓi ɗaya ta ɗaga kai, ta sake sunkuyawa. Wanda ya iya zaman awa uku a wurin shi ke ganin abin da mai gaggawa bai gani ba. A nan motar kwana ta fi kowace: kujerarta na da tsayi, ana hango abin da ciyawa ta rufe wa ƙaramar mota, ga abinci a firji, ga bayan gida a ciki, babu abin da zai tayar da mutum.

A bakin irin wannan tafki ne, a 2004, wani baƙo ya ɗauki bidiyon da ya zaga duniya, inda zakoki suka kama ɗan ɓauna, kada ya kama shi ta baya suna ja-in-ja, can sai garken ɓauna ya dawo ya fatattaki zakokin, ɗan maraƙin ya miƙe da ransa.

Ba a rasa matsala, ba shakka. Motar na da faɗi, juya ta a matsattsen wuri aiki ne, kuma wurin da aka ga damisa a kan bishiya nan da nan yake cika da motoci kamar bakin tasha ranar kasuwa. Wanda ya haɗu da giwa a hanya da babbar mota sai ya yi taka-tsantsan, ya bar tazara da hanyar ja da baya. A ƙarshen 2013 wani toron giwa ya kifar da motar wasu baƙi da ke bin sa a baya, ya raunata mace ɗaya, hukumar gandun ta harbe shi. Mutane da yawa sun ce laifin masu motar ne, amma giwar ce ta biya da ranta.

Da yamma sansani kan cika da hayaƙin gashin nama, don mutanen Afirka ta Kudu ba sa wasa da wannan al'ada. Kowane filin kwana na da wurin gashi, akasarinsu da soket na lantarki, sannan akwai ɗakin girki da wuraren wanka na kowa da kowa. A harabar sansani akwai allo mai taswira, inda kowa ke manna alama mai launi a wurin da ya ga wata dabba. Karkanda kaɗai aka daina sa wa alama, saboda mafarauta ma suna duba allon: a 2014 kawai an kashe karkanda 1,215 a Afirka ta Kudu, fiye da 800 a cikin Kruger, don ƙahon da ake safararsa zuwa Asiya.

Idan dare ya yi, kura kan zo tana sintiri a bayan shingen waya, taku kaɗan daga inda mutane ke cin abinci. Masu jefa mata ƙashi ne suka saba mata, kuma kurar da ta daina tsoron mutum ƙarshenta harsashi. Da rana kuwa birai ne ke addabar jama'a. Duk wanda ya bar ƙofar motarsa a buɗe ya tafi wanke kwano, zai dawo ya tarar burodi ya yi ƙafa.

Wannan jin daɗi dai ba kowa ya same shi ba a da. A zamanin wariyar launin fata kusan na Turawa ne zalla, baƙar fata sai ɗan sansani irin Balule aka bar musu, kuma a 1969 aka tashi al'ummar Makuleke da ƙarfi daga arewacin gandun. Sai a 1998 aka mayar musu da ƙasarsu.

Mai niyyar zuwa ya sani cewa daga Mayu zuwa Satumba ne aka fi ganin dabbobi, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin ruwa. Yankin akwai zazzaɓin cizon sauro, tuƙi kuma a hannun hagu ake yi. Baƙon waje yana biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa. Hukumar SANParks mai kula da gandun tana karɓar rajista tun wata 11 kafin ranar zuwa, kuma filayen Satara da Lower Sabie kan ƙare da wuri a lokacin hutun makaranta, don haka a kama wuri tun kafin a sayi tikitin jirgi.