Fetur Mai Gaurayen Itanol da Injin Kwale-kwale a Ƙasar Gadarif

Yankin Simsim, wanda ke kudu da birnin Gadarif a gabashin Sudan, ya yi suna ne da noman riɗi da dawa a manyan gonakin da ake nomawa da tarakta, tsarin da ya samu gindin zama bayan kafa hukumar noman inji a 1968, lokacin da Bankin Duniya ya ba da rancen buɗe gonaki a wurin. Taraktoci da manyan motoci da dizal suke aiki, amma a ƙarƙashinsu akwai tarin ƙananan injuna masu shan fetur waɗanda ba a cika lissafa su ba, kamar ƙaramin janareta, da injin feshin da ake goyawa, da zarto mai inji, da kuma injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale. Hausawan jihar Gadarif, waɗanda da yawa daga kakanninsu suka zo ta hanyar aikin hajji ko kuma a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, suna da ƙauyuka a gaɓar kogin Rahad, kuma sana'ar kamun kifi tana cikin abubuwan da aka san Hausawan Sudan da su tun daga Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Madatsun Rumela da Burdana, waɗanda aka gina a kan kogunan Atbara da Setit aka buɗe a 2017, sun ƙara wa jihar wani babban tafki, don haka maganar man da ake zuba wa injin ruwa ta shafi mutane da dama a ƙasar da aka fi sani da noma.

Itanol wani ruwa ne mai saurin kamawa da wuta wanda ake samu idan aka tsima abu mai sukari ko sitaci, kamar rake ko masara ko rogo, sannan aka tace shi, kuma shi ne sinadarin da ke sa maye a barasa, sai dai wanda ake haɗawa da fetur ana cire masa ruwa kusan gaba ɗaya. Ana rubuta yawansa da harafin E da lamba, wato E10 na nufin kashi 10 cikin 100 na man itanol ne, E15 kuma kashi 15. Barazil ta rungumi wannan hanya tun 1975, Amurka kuma ta mayar da E10 man yau da kullum bayan dokokin da ta yi a 2005 da 2007. Sudan ma ba baƙuwa ba ce a harkar, domin kamfanin sukari na Kenana da ke jihar Farin Nilu ya buɗe masana'antar itanol a 2009, mai iya fitar da lita miliyan 65 a shekara daga molas, wato baƙin ruwa mai kauri da ke saura bayan an cire sukari, kuma ya fara da sayar da shi ga ƙasashen Turai. Maƙwabciya Habasha, wadda ta daɗe tana ɗaukar fetur daga Sudan ta hanyar da ta bi Gadarif zuwa Gallabat da Metema, ta kai gaurayenta kashi 10 a Addis Ababa a 2011. Bayan da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 matatar mai ta al-Jaili da ke arewa da Khartoum ta tsaya, ƙasar ta koma dogaro da man da ake shigowa da shi, kuma wanda ya sayi fetur a jarka a kasuwar ƙauye ba ya ganin wata takarda da ke nuna inda aka tace shi ko abin da aka zuba a cikinsa.

Domin a gane inda hatsarin yake, sai an fara sanin yadda inji mai bugu biyu yake aiki. Injin mota yana da wani kasko a ƙasansa inda baƙin mai ke zaune yana zagayawa yana shafe ƙarafa, kuma fistin ɗinsa sai ya yi tafiya huɗu, sama da ƙasa, kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Shi kuwa mai bugu biyu a tafiya biyu yake gama aikin, abin da ya sa ya fi sauƙin nauyi da sauƙin gyara, shi ya sa kuma samfurin Enduro na kamfanin Yamaha, mai ƙarfin doki 15 ko 40, ya cika koguna da tafkunan Afirka. Amma ba shi da wancan kasko, don haka man shafawarsa a cikin fetur ake zuba shi, yawanci kashi ɗaya na mai a cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 400 a jarka mai lita 20, kuma wannan gauraye shi ke ratsa cikin injin ya shafi karanshaf da boris da jikin fistin kafin ya ƙone. Ma'ana, duk abin da ya raba fetur da man da ke cikinsa ya bar ƙarfe yana gugar ƙarfe a inji mai juyawa sau dubu biyar a minti ɗaya.

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan injuna, irin su Yamaha da Mercury da Suzuki da Tohatsu, sun amince a yi amfani da fetur mai itanol har zuwa kashi 10 a injunansu na zamani, kuma wannan ya isa ya nuna cewa sabon E10 mai tsabta ba guba ba ne ga inji. Abin da yake jawowa kai tsaye kaɗan ne. Itanol ya gaza fetur ƙarfi da kusan kashi ɗaya bisa uku, don haka E10 yana rage nisan tafiya da kimanin kashi 3 cikin 100, sannan yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, wadda ke sa gaurayen mai da iska ya yi ƙarancin mai a injin da ke amfani da kafireta, sai ya ɗan ƙara zafi. A kashi 10 injin yana jure wannan, amma idan aka haura sai lamarin ya canza. A 2011 kamfanin Mercury ya yi wani gwaji da tallafin ma'aikatar makamashi ta Amurka, inda aka shayar da injuna uku E15 da nufin su yi awa 300 suna aiki, biyu daga ciki ba su kai ƙarshe ba, har da mai bugu biyu mai ƙarfin doki 200 wanda boris ɗinsa ya lalace. Hukumar kare muhalli ta Amurka, wadda ta yarda da E15 ga motocin da aka ƙera daga 2001 zuwa sama, ta haramta shi ga jiragen ruwa da babura da ƙananan injuna.

Babbar matsalar tana tasowa ne idan ruwa ya shiga. Fetur zalla ba ya haɗuwa da ruwa, amma itanol yana son ruwa fiye da yadda yake son fetur, shi ya sa E10 ke iya shanye ruwa har kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 ba tare da an ga alama ba, wato kusan mililita 100 a jarka mai lita 20. Wannan a karan kansa alheri ne, domin ɗan ruwan da ya shiga yakan bi mai ya ƙone ba tare da ya taru a gindin tanki ba. Amma da zarar ruwan ya zarce wannan iyaka, sai ya janye mafi yawan itanol ɗin daga cikin fetur su nutse tare zuwa ƙasa, man ya rabu gida biyu kamar yadda man gyaɗa ke tasowa a kan ruwa, kuma kason da ya kwanta a ƙasa na iya wuce lita guda a jarka ɗaya, alhali ruwan da ya jawo rabuwar bai kai cikin kofi ba. Man shafawa yana zama ne a kason sama tare da fetur, tiyon da ke zuƙo mai kuwa daga gindin tanki yake sha, don haka abin da ke fara isa injin shi ne ruwa da itanol marasa ko ɗigon mai. Idan ruwan ya yi yawa injin zai mutu nan take, wanda shi ne mafi sauƙin sharri, idan kuwa itanol ya rinjaya zai iya ci gaba da aiki na ɗan lokaci a bushe har fistin ya cije. Kason saman ma bai tsira ba, domin ya rasa wani ɓangare na oktan, wato ma'aunin juriyar fetur ga kamawa da wuta kafin lokaci, sai injin ya riƙa ƙara yana zafi. Sanyi yana rage yawan ruwan da man ke iya riƙewa, saboda haka jarkar da ke garau da rana tana iya wayar gari a rabe.

Yanayin Simsim da kewaye ya sa wannan batu ya fi nauyi a can fiye da birni. Ƙasar baƙar laka ce mai tsagewa da rani, wadda ke zama taɓo da zarar damina ta kankama daga Yuni zuwa Oktoba, hanyoyi su yanke, abin da ya sa manoma suka saba tara mai a duro da jarkoki tun kafin ruwa ya sauka. Wannan dabara ce mai kyau ga dizal, amma ga fetur mai itanol ita ce ke haɗa abubuwa biyun da ya fi ƙi, wato daɗewa da laima. Mutane da yawa suna ɗauka cewa daga iska man ke zuƙar ruwan da ke ɓata shi, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai wannan hanya tana da jinkiri ƙwarai, tana ɗaukar watanni a mazubin da ke buɗe. Ruwan da ya fi yin ɓarna shi ne wanda ke shiga a zahiri, kamar na sama da ke taruwa a kan duron da aka tsayar a fili, wanda duron ke zuƙewa ta bakin murfi idan ya huce da dare, da na jarkar da aka ɗebi ruwa da ita jiya aka zuba mata fetur yau, da fantsamar kogi da ke bi ta ƙofar iskar tanki. Kuma lokacin da wannan ke faruwa shi ne lokacin da Rahad, wanda ke saukowa daga tsaunukan Habasha ya kusan ƙafewa da rani, yake cika yana gudu da ƙarfi, inda mutuwar inji a tsakiyar ruwa da kaya da mutane ta wuce maganar kuɗin gyara.

Akwai wata ɓarna ta daban mai tafiya a hankali. Itanol yana narkar da dauɗa, don haka idan ya shiga tsohon tanki sai ya ɓamɓaro ƙura da tsatsar da suka shekara a manne, su tafi su toshe matatar mai da ƙananan ramukan kafireta, kuma ramin da ya toshe rabi ya fi wanda ya toshe duka hatsari a inji mai bugu biyu, domin ƙarancin fetur na nufin ƙarancin man shafawa. Yana kuma busar da tsohuwar roba ko ya kumbura ta, musamman tiyo da famfon hannu na injunan da aka ƙera kafin shekarun 1990 da kayan gyara marasa inganci, tiyon da ya tsage kuwa fetur yake zubarwa a cikin kwale-kwale inda ake kunna sigari ko murhu. Gaurayen ruwa da itanol da ya kwana a kafireta yana cin alminiyam da tutiya ya bar wani farin gari. Masu karatu a Najeriya za su tuna da watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da mitanol fiye da ƙima ya lalata motoci, shi kuwa mitanol ɗan'uwan itanol ne da ya fi shi cin roba da ƙarfe da saurin rabuwa.

Gwajin da ke nuna ko fetur na da ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai bai buƙaci komai ba sai doguwar kwalba mai haske. Ana zuba ruwa kashi ɗaya a yi alama a daidai inda ya tsaya, a ƙara fetur kashi tara, a rufe a girgiza sosai, sannan a bar shi ya kwanta na 'yan mintuna. Idan layin da ya raba su yana nan a kan alamar, fetur ɗin zalla ne, idan kuwa kason ƙasa ya hau sama, to ruwan ya janyo itanol ko mitanol, kuma idan ya kusa ninka kansa ana maganar kashi 10 ne, abin da ya wuce haka kuwa bai dace da injin ruwa ba. Kwalba mai haske ita ce kuma ke nuna man da ya riga ya sha ruwa, domin yakan yi hazo-hazo ko a ga layi a gindinsa. Irin wannan mai ba shi da magani, duk da abin da masu sayar da ruwan gyaran fetur ke faɗa, domin waɗannan magunguna suna iya jinkirta lalacewar sabon mai ne kawai, ba sa mayar da wanda ya rabu, kuma girgiza shi ba ta hana shi sake rabuwa. Haka nan dabarar zuba ruwa da gangan don a cire itanol tana barin fetur mai ƙarancin oktan ne, wanda shi ma ke cutar da inji.

Abin da ya rage duka maganar ajiya ce da kula. Ya fi kyau a haɗa mai da fetur gwargwadon abin da za a ƙone cikin makonni kaɗan, a yi amfani da man da aka yi don injin ruwa, wanda ke ɗauke da alamar TC-W3, maimakon baƙin man mota da wasu ke zubawa saboda arha, wanda ke barin toka a fulogi da ringi. Duro a inuwa ake ajiye shi, a kwance ko a karkace yadda ruwa ba zai kwanta a kan murfinsa ba, kuma idan za a ɗiba kada tiyo ya taɓa gindinsa. Ƙofar iskar tankin kwale-kwale a rufe ta idan an sauka, a kuma sa matata mai raba ruwa da mai tsakanin tanki da inji, wadda ke da ƙoƙo mai haske da ake dubawa kafin a tashi. Masuntan Rahad da ke jingine injinsu watanni da dama idan kogi ya janye su ne suka fi buƙatar zubar da man da ke cikin kafireta ta 'yar ƙusar da ke ƙasanta, su bar tanki a bushe a rufe, sannan idan ruwa ya dawo su canza duk tiyon da ya taurare ko ya yi laushi kafin su zuba sabon mai.