Samfurin jimla da na'ura: misalin farashin kasuwa a Gure

1. Gabatarwa

Abin da muke kira samfurin jimla (gabarit) jimla ce da aka rubuta sau ɗaya, aka bar gurabe cikinta, na'ura mai ƙwaƙwalwa tana cike su da sunaye ko lambobi daga jadawali. Sa na'ura ta maida lambobi zance ba sabon abu ba ne. Tun farkon shekarun 1990 tsarin FoG na Kanada ya riƙa rubuta hasashen yanayi cikin Ingilishi da Faransanci, kuma daga 2012 Lsjbot ya samar da miliyoyin maƙaloli a Wikipedia. A 2021 shirin Abstract Wikipedia ya sa Hausa cikin ƴan harsunan da zai fara aiki a kansu. Saboda haka maganar ta iso gida.

Mun ɗauki misalin da ya fi kusa da jama'a, wato farashin cimaka. Tun 1989 Nijar ke da tsarin tattara farashin kasuwanni, wanda aka sani da SIMA. A ce ana son na'ura ta maida irin waɗannan lambobi sanarwa da Hausa domin masu cin kasuwannin Gure, Subdu da Gidigir, inda Mangawa, Fulani da Tubawa da yawa ke ciniki da Hausa. Lambobin da ke ƙasa na misali ne kawai.

2. Gurbin suna

Wanda ya fara da Faransanci zai rubuta jimlar da ke cewa farashin kaza ya ƙaru a wuri kaza, ya fassara ta, ya ɗauka aiki ya ƙare. Ga abin da Hausa ke buƙata:

(1) Gero ya hau a kasuwar Gure.
(2) Dawa ta hau a kasuwar Gure.
(3) Gero da wake sun hau.
(4) Gero da wake ne suka hau.

Kalma ɗaya ta sauya a gurbi, amma wakilin suna ya bi ta, dirka ma haka (gero ne, dawa ce). A (4), ƙarfafawa ta tilasta suka maimakon sun. Mahaɗi shi ma yana bin jinsi: kasuwar Gure, garin Gure. Ba a dogara ga wasalin ƙarshe, domin ruwa da nama maza ne, gwamnati kuwa tamace ce amma ana cewa gwamnatin Nijar. Jam'in dabbobi ya fi wuya: babu ƙa'idar da za ta kai na'ura daga tunkiya zuwa tumaki, ko daga akuya zuwa awaki. Ke nan kowace kalma sai ta shiga ƙamus ɗin tsarin tare da jinsinta, jam'inta da mahaɗinta. (A nan ne kuma za a yanke ko gero za a rubuta ko hatsi, tun da a Nijar hatsi ya fi yawa a baki.)

Ana iya kauce wa rabin matsalar da cewa "farashin dawa ya hau", tun da farashi namiji ne kullum. Dabara ce mai aiki, sai dai jimla goma a jere duka da farashin suna gajiyar da kunne.

3. Gurbin kuɗi

A ganinmu nan ne haɗarin yake. Kuskuren jinsi dariya yake kawowa, kuskuren kuɗi kuwa hasara. Jadawali yana ƙirga da faran na sefa, kasuwa tana ƙirga da dala, dala ɗaya faran 5, jika faran 1.000. In jadawali ya ce 750, mai ciniki "dala ɗari da hamsin" ya sani. Samfurin da ya ɗauki lambar yadda take ya liƙa mata dala zai ce dala 750, wato faran 3.750, ninki biyar. Makiyayin da ya ji haka kafin ya kai akuya kasuwa don sayen hatsi zai yi lissafinsa a kan ƙarya.

Don haka gurbin kuɗi ƙaramin aiki ne mai zaman kansa. Ƙasa da 1.000 a raba da 5, daga 1.000 a koma jika, ta yadda 27.500 zai fito jika ashirin da bakwai da rabi. Sai kuma matsakaicin farashi, wanda kan ba da lamba kamar 263, da ba ta rabuwa da 5. Dole a tsai da ƙa'idar cikewa tun farko, a kuma saka kusan a jimlar. Ma'auni ma haka ne: jadawali da kilo yake aiki, mai saye da tiya, kuma nauyin tiyar gero ba ɗaya yake da na wake ba. Kowane amfanin gona na buƙatar nasa lissafin juyawa, wanda aka auna a kasuwar da ake magana a kanta.

4. Kafin a saki tsarin

Rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. In mai gabatarwa a rediyo ne zai karanta, babu damuwa. In na'ura ce za ta furta, ba ta da hanyar bambanta fari na launi da fari na rashin ruwa sai an sa alamun cikin ƙamus. Muna kuma ba da shawarar a fitar da duk jimlolin da samfurin ke iya haifarwa, a karanta wa dillalai da ƴan awo, a tambaye su nawa suka ji. Gurbin da babu lamba cikinsa kada ya zama sifiri: na'ura ta ce "ba a samu farashin masara ba a wannan mako".