Me Ya Sa Nisan da Manhaja Ke Nunawa Ba Shi Ne Tsawon Tafiyarka Ba?

Idan ka taɓa amfani da shafukan da ke lissafa nisa tsakanin filayen jirgin sama, ka san yadda suke: ka saka sunaye biyu, nan take su ba ka kilomita da awanni. Matsalar ita ce, sau da yawa waɗannan awannin lissafin kwamfuta ne kawai, babu jirgin da ke yin tafiyar. Bari mu gwada da wasu filaye biyu da ke can ƙuryar arewacin duniya.

Na farko shi ne filin jirgin Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard na ƙasar Norway. Shi ne filin da ya fi kowanne kusa da ƙarshen arewa cikin waɗanda jiragen fasinja ke zuwa a kai a kai. Na biyu kuma yana garin Utqiagvik a jihar Alaska ta Amurka, wanda aka sani da Barrow kafin a sauya masa suna a 2016.

Buɗe taswira a wayarka, za ka ga kamar suna gefe biyu na duniya. Taswirar ce ta yaudare ka, domin ta shimfiɗe ƙwallo a kan faranti, sai yankin arewa ya buɗe fiye da kima. A zahiri, hanya mafi gajarta tana ratsawa ta kusa da tsakiyar ƙanƙarar arewa, kuma ba ta wuce kilomita 3,400 ba. Wato kusan nisan Kano zuwa Jidda.

Yaya manhaja ke samo wannan? Tana ɗaukar lambobin wurin da kowane fili yake, ta saka su cikin wani lissafi da ake kira haversine, wanda ke ɗaukar duniya a matsayin ƙwallo mai nisan kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa doro. Layuka kaɗan ne a Python, ni ma na rubuta shi lokacin da nake koyo. Daga nan sai ta raba nisan da gudun jirgi, kamar kilomita 800 a awa, ta ƙara wajen rabin awa na tashi da sauka. Amsa: ƙasa da awa 5.

Amma babu jirgin fasinja da ke bin wannan hanya. Daga Longyearbyen, Tromso ko Oslo za ka fara zuwa, kuma Oslo kaɗai kusan awa 3 ce. Sannan ka tsallaka zuwa Amurka, ka nemi jirgin Anchorage, daga can ka hau na Utqiagvik, wanda shi ma kusan awa 2 ne. Da jiran da ake yi tsakanin jirage, tafiyar ta haura kwana guda. Ga kuma bambancin agogo na awa 10 tsakanin garuruwan, wanda zai iya rikita ka idan kana duba lokacin sauka a tikiti.

Don haka kafin ka tsara tafiya ko ka tura wa wani kuɗin tikiti, kada ka tsaya kan shafin lissafi. Duba Google Flights ko Flightradar24 ka tabbatar akwai jirgin da ke bin hanyar, sau nawa zai yada zango, kuma ka tuna lokacin sauka da ke kan tikiti agogon garin da za a sauka ne.